Kunnen Janar

Ranar Talatar da ta wuce wasu samari biyu suka sauka daga keke a ƙofar shagona da ke Yelwa, ɗaya na rungume da kwali, kwalin kuma yana kuka. Da na buɗe sai ga ɗan kwikwiyo, an yanke masa kunnen dama kamar wanda aka gutsuri ƙosai, na hagu kuwa an ɗan tsaga an fasa. Na tambayi wanda ya yi aikin. Babban cikinsu ya ce shi ne, ya ƙara da cewa da sabuwar reza ya yi, yana kallona ko zan yaba masa. Na ce a ina ya koya. Ya zaro waya ya nuna mini wani bidiyo da bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

"Baba, ai abin ba wuya," in ji shi. "Hannuna ne kawai ya ɗan yi rawa. Ka daidaita mana shi, ka yi masa irin yankan Ayuba."

"Ka san Ayuban?"

"An ce wani tsoho ne. Ina jin ma ya rasu."

Na ce Allah ya jiƙansa, na ɗauko aidin da auduga. Na wanke ciwon, na ɗinke inda ke ɗinkuwa, na ce su dawo da shi ran Juma'a. Ban gaya musu cewa marigayin ne ya yi musu ɗinkin ba. Amma tun da suka tafi abin yake cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin su da ire-irensu da suka cika Yelwa da reza a aljihu. Ni ne Ayuban. Tunda kuna son yankan, ya kamata ku san inda aka samo shi.

Aikina na farko a wannan sana'a wanke tukunya ne. Na shigo Bauchi daga ƙauyenmu ta wajen Dass ina da mata da ɗa ɗaya, na yi ta leburanci har wani ɗan cocinmu ya haɗa ni da Malam Sale. Malam Sale tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi ne, ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago a bayan kasuwar Wunti. Yawancin aikinsa awaki ne da tumaki da kaji. Karnuka ta ƙofar baya ake shigo da su, don maƙwabtansa teloli ne, a bakin shagon suke shimfiɗa tabarmar salla, ba sa son kare ya bi ta wurin. Shi kansa ba ya taɓa kare sai da safar hannu. Dalilin ɗaukata ke nan: ina iya rungumar kare, yawunsa bai dame ni ba. Shekara biyu ina riƙe karnuka, ina dafa kayan aiki a tukunya bisa risho, ban taɓa almakashi ba sai in zan wanke shi.

Da lokacin koyo ya yi, bai ba ni kare ba. Mahauta ya riƙa aikena in sayo kan akuya. In zana layi a kunnen, in yanka, in ɗinke, ya sa tabarau ya duba, ya ce in warware in sake. Da yamma in kai kan gida a yi farfesu. Mun ci kan akuya marar kunne har ɗana ya ɗauka haka Allah ya halicce ta.

Ku kuna ganin yankan shi ne aikin. Yankan bai fi minti goma sha biyar ba. Kafin shi akwai allurar barci, wadda sai ka auna nauyin kwikwiyon tukuna. Ka zarce ba zai farka ba, ka gaza ya farka almakashi na cikin namansa. Akwai ma'aunin da Malam Sale ya yanko daga kwalin sukari, wanda ake ɗorawa a kunnen a zana, don biyun su zo daidai. Akwai ƙarfen matsi mai tsayar da jini, da almakashi mai lanƙwasasshen baki, da allura da zare. Duk wannan kuma shimfiɗa ce. Ainihin aikin shi ne tsayarwa, domin kunnen da Allah ya kwantar ba ya miƙewa don kawai ka rage masa tsawo. Sai mu fere karan dawa mu bar totuwar, mu naɗe ta da auduga, mu jingina kunnen a jikinta, mu ɗaure da filasta. Duk bayan kwana biyar a kwance, a wanke, a sake ɗaurawa, wata biyu ko uku ana abu ɗaya. Kuma duk kwancewa sai ka kai hancinka ka shinshina, don hanci kan riga ido sanin cewa ciwo ya fara ruɓa. Wannan ban gan shi a bidiyonku ba.

Dokokin Malam Sale uku ne. Ba a yanka wa kwikwiyon da ya wuce wata uku. Ba a yanka da damina, saboda ƙuda. Sannan ka yanki ƙasa da abin da ranka ya ba ka, domin abin da ya faɗi ƙasa ba ya komawa. Bai taɓa yaudarar kansa game da aikin ba. Wata rana muna wanke hannu ya ce mini, "Ayuba, kada ka ɗauka magani muke yi. Wannan kitso ne. Bambancin kawai, mai kitso da ƙafarta take zuwa."

Masu karnukan kuwa kowa da nasa karatun. Wani ya ce in an yanke kunne kare ya fi faɗa. Wani ya ce ya fi ji. Wani ya ce don kada ɓarawo ya sami abin kamawa, kamar an taɓa ganin ɓarawon da ya haura katanga don ya ja kunnen kare. Na tuna wani mai sayar da taya da ya tsaya a kanmu sai da muka ba shi guntayen da muka yanke, wai zai soya ya ba karen ya ci, zuciyarsa ta bushe. Bayan shekara na je yi wa karen allura, na tarar kaji na cin tuwo a kwanonsa, shi kuma yana gefe yana jiran su gama. Wani malamin jami'a ya zo da hoton kalanda ya ce irin wannan yake so, alhali karen kalandar da nasa ba abin da ya haɗa su sai ƙafa huɗu. Gaskiyar da ba wanda ya taɓa faɗa ita ce, ba don ɓarawo ake yi ba. Don baƙo ake yi, ya shigo get ya ja da baya, maigida ya yi murmushi ya ce, "Shigo, ba zai taɓa ka ba tunda ina nan."

Aikin da ya ba ni suna, a shekarar da ba na son tunawa na yi shi. Lokacin Malam Sale ya riga ya rasu, na dawo Yelwa na buɗe nawa shagon, har an fara kirana Likita, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Wani ɗan kwangila da kowa ke kira Injiniya ya gama gina gida a hanyar Gubi, sa'ad da wajen duk gonaki ne, gida ɗaya nan ɗaya can. Ya sayo ɗan kwikwiyo daga Jos, baƙi mai jan ƙirji, irin dogayen nan na Turawa da ake kira Dobaman, ya sa masa suna Janar. Ya aiko mota aka ɗauke ni. Tsakiyar watan Agusta ce, ranar ma cikin ruwa muka isa.

"Dokta, saura mako shida a yi addu'ar buɗe gidan nan," in ji shi. "Manyan mutane za su zo. Ina son in sun shigo get su tarar da kunnen nan a tsaye kamar mashi."

"Ranka ya daɗe, damina ce. A bari ruwa ya ɗauke."

"In ruwa ya ɗauke ai ya wuce wata uku. Ba ku kuke cewa ba a yi bayan wata uku ba?"

Ya kama ni da dokar maigidana. Na san abin da Malam Sale zai ce da yana raye: in doka biyu sun yi karo, a bar wa kare kunnensa. Amma na dubi gidan, na tuna manyan mutanen da za su zo, kowanne da get ɗinsa, kowane get kuma da karensa. Na ce a ba ni wuta in dafa almakashi.

Mai gadin gidan wani dattijo ne, Malam Buba, tsohon makiyayi wanda ciwo da ɓarayi suka raba shi da shanunsa, ya shigo gari da sandarsa kaɗai. Yana tsaye nesa kaɗan ya harɗe ƙafa, ya jingina da sandar, yana kallona ina zana layi. Sai ya ce, "Likita, mu ma muna tsaga kunnen saniya, amma don a gane ta ne in ta ɓata. Wannan in ya ɓata, ba a iya gane shi ne?" Na yi dariya, na ce wannan ilimin Turawa ne. Ya ce to, Allah ya ƙara ilimi.

Yankan farko ya yi kyau, ba yabon kai ba. Da a rani ne, da yau ba ni da labari. A rana ta takwas Janar ya sosa filastar ta kwance, ya fita cikin yayyafi, ƙuda suka same shi. Da na zo na shinshina na san an gama. Bakin kunnen hagu ya ruɓe, dole na datse shi. Injiniya ya dawo daga aiki ya tsaya ya duba, ya koma mota ya ɗauko awon kafinta. Wallahi da awo ya auna kunnen kare.

"Dokta, na dama ya fi tsawo. Ni ko ginina ba ya karkata, balle karena."

Na rage na dama. Ƙuda suka ga sabon ciwo, suka yi mini godiya. Bayan mako na sake datse na dama, sai na hagu ya fi tsawo, awo ya sake fitowa daga mota. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kafin mu farga, abin da ya rage a kan Janar ɗan tsini biyu ne, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba, ramin kunnen a buɗe ba marufi. Tsutsa kuwa ta riga ta gangara ciki.

Na san yadda ake yi. A zauna da hantsaki a cire tsutsar ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwan ɗumi mai gishiri, safe da yamma, mako uku ko huɗu. Amma saura kwana goma a buɗe gida. A jakata akwai wani magani mai ƙarfi da muke zuba wa shanu a gyambo, wanda in ya taɓa tsutsa ko motsi ba ta ƙarawa. Fatar saniya yake sani, ba a yi shi don ramin kunnen kwikwiyo ba, kuma na san da haka. Na ɗiga masa a na hagu. Sai na ce tunda na fara, bari in yi riga-kafi, na ɗiga a na dama ma. Ihun da ya yi, har masu noma a gonar bayan gida sai da suka ɗago. Kwana uku yana tafiya kai a karkace kamar wanda ya sha burkutu. A na huɗu ya miƙe, tsutsa ta mutu, ciwo ya kama bushewa. Na ce a raina, ashe Malam Sale tsoro ne ya yi masa yawa.

Ranar buɗe gida Janar ya tsaya a bakin get cikin sarƙa, kai sumul, tsini biyu a sama, fuska kamar ta aljanin da aka tasa daga barci. Manyan mutane suka riƙa ja da baya ɗaya bayan ɗaya, Injiniya na murmushi yana cewa su shigo. Kafin a gama cin shinkafa mutum biyar sun karɓi lambata.

Bayan wata biyu na koma yi masa allura. Rana tsaka ce, Injiniya ba ya gida. Malam Buba ya ce, "Likita, zo ka ga wani abu." Janar na kwance a inuwar katanga ya ba mu baya. Dattijon ya ɗauki tasar abincinsa ya sake ta a kan siminti, dab da wutsiyar karen. Ƙarar har cikin haƙorina na ji ta. Janar bai motsa ba. Sai dattijon ya miƙa sanda ya ɗan taɓa haƙarƙarinsa, karen ya zabura ya miƙe yana kaɗa guntun bindinsa.

"Karen nan ba ya ji," in ji Malam Buba.

"Wataƙila barci ne ya yi nauyi."

"Likita, tun ban kai tsawon sandar nan ba nake bin dabba. Kunne nake fara dubawa kafin ƙafa. Wannan tun ranar da ka zuba ruwan nan duniya ta yi masa shiru."

Na roƙe shi, ba kunya ba tsoron Allah. Na ce in Injiniya ya ji, na ƙare a Bauchi. Na ce shi kansa karen ba zai kwana biyu a gidan ba, za a kira masu zuwa da keji a bayan babur, su kuwa kowa ya san ba don kiwo suke saye ba, don nama ne. Wannan na biyun gaskiya ne, amma ba shi ne ya sa nake roƙon ba. Malam Buba ya daɗe yana kallon karen, sannan ya ce, "Ba za a ji a bakina ba."

Abin da ya yi bayan nan, ni da ake kira Likita ban isa in yi shi ba. Bai taɓa sa wa karen hannu ba saboda alwalarsa, da sanda kawai suke magana. Taɓi ɗaya a haƙarƙari, tashi. Ya nuna kusurwa da sanda, Janar ya ruga can yana haushi. Ya kafa sandar a ƙasa, ya dawo ya kwanta. Karen ya koyi kwanciya jikinsa na jingine da ƙafar bencin dattijon, ta yadda in ya motsa zai ji a jikinsa. Tsoho ke ji, kare ke haushi, su biyun suka haɗu suka zama mai gadi ɗaya mai kyau. Abu ɗaya ne Janar ya ƙi bari: in rana ta take, ƙarƙashin motar Injiniya yake shiga ya kwanta. Direba in zai fita yakan yi hon sau uku a buɗe masa get. Malam Buba kuwa kafin ya taɓa get sai ya fara zuwa ya zura sanda ƙarƙashin mota. Mutanen gida suka ɗauka tsufa ne ke sa shi zagaye. Injiniya kuma ya riƙa gaya wa abokansa cewa karensa horon soja gare shi, ba a yi masa magana, da ishara yake aiki.

Shekara uku ko tsinke ba a ɗauka a gidan ba. Ni kuwa kasuwa ta buɗe. Kowa ya zo sai ya ce irin na Janar yake so, gajere, mai ban tsoro. Abin da ƙuda da awon kafinta suka ƙera, aka ce basirata ce. Na yi ta yi, da rani, a hankali, ba wanda ya sake kurmancewa a hannuna. Da yankan nan na rufe gidana da kwano, da shi na kai 'ya'yana makaranta. A nan sunan yankan Ayuba ya fito, kuma ban taɓa cewa a daina ba.

Wata Asabar da yamma na je yi wa Janar allurar haukan kare ta shekara. Na tarar da Injiniya a rumfar mota da abokansa uku suna shan lemo. Biyu daga cikinsu sun riga sun yi mini magana a kan 'yan kwikwiyonsu. Malam Buba na tsaye taku kaɗan daga wurin, Janar na zaune yana kallon sandarsa.

"Yauwa Dokta, ka zo a daidai," in ji Injiniya. "Ina gaya musu ƙarshen wata zan sallami tsohon nan. Na sa waya mai lantarki a katanga, ga kuma Janar. Get kuwa direba ya sauko ya buɗe da kansa. Kai ka san kare. Tsakani da Allah, wannan ba zai iya riƙe gidan nan ba mai gadi ba?"

Duk suka juyo suna kallona. Kalma huɗu ce a bakina, karen ba ya ji, da na faɗe ta da dattijon bai bar bencinsa ba. Na dubi mutum biyun nan masu 'yan kwikwiyo. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko banki ka ba shi ya riƙe."

Aka yi dariya, aka miƙo mini lemo. Malam Buba bai ɗago ba, bakin sandarsa yake kallo.

Da zan tafi ya raka ni har waje. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

"Likita, ban ce ka yi magana don aikina ba. Abincina yana wurin Allah. Amma ka gaya musu a riƙa leƙa ƙarƙashin mota. Na gaya wa direba, ya ce ai yana hon. In na ce hon ba ya amfani zai tambaye ni dalili, ni kuma na yi maka alkawari."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, zan zo in sami Injiniya shi kaɗai in gaya masa komai. Kuma da gaske nake, ku yarda ko kada ku yarda. Wata ya ƙare, dattijon ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Na ce sai Asabar, ranar da Injiniya ke gida. Asabar ta farko ana bikin ɗiyar ƙanena. Ta biyu aka kawo mini 'yan kwikwiyo huɗu yanka, ka ga ai ba a bar aiki a tafi hira ba. Na sa ta uku a raina. Ranar Alhamis kafin ta zo, da azahar, direba ya kira ni.

Na tarar da shi a tsakar gida hannu a ka. "Wallahi Dokta na yi hon. Sau uku na yi, kamar kullum." Janar na kwance a kan siminti, ƙafafun baya sun daina aiki, ƙashin baya ya karye. Ba abin da za a ɗinka. Na zuƙo allurar da ta rage a yi masa, wadda za ta hutar da shi gaba ɗaya. Ina neman jijiya, shi kuwa ba ni yake kallo ba, ya miƙa wuya wajen bencin da ke bakin get. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Injiniya ya iso yana faɗa, ya ce direba ƙarya yake, ba karen da zai ji hon sau uku ya kwanta, ya ba da makulli ya kama gabansa. Na ga za a sake sallamar mutum na biyu a kan kunne ɗaya. Sai bakina ya buɗe. Na ja shi gefe na gaya masa komai, tun daga maganin shanu har tasar da aka saka a siminti. Na tsaya ina jiran mari, ko 'yan sanda, ko a bi gari da sunana.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni da Malam Buba."

"To a bar shi a haka. Shekara uku ina gaya wa mutane horon soja ne, yanzu in fito in ce kurma na ajiye?" Ya miƙa wa direba makullinsa. Har na kai get ya kira ni. "Dokta, zan sa a kawo wani daga Jos. Ka yi masa irin yankan nan, ya yi kyau. Sai dai wannan karon ka bar masa jinsa."

Sunan da na sayar da abincin tsoho don in tsare, ashe ba mai niyyar taɓa shi. Yana nan lafiya lau har yau, ya ma fi ni lafiya, tunda ni an ce na rasu. Ban yi wa Injiniya yankan ba, ya kai wa wani. Malam Buba kuwa, Injiniya bai sake kiransa ba, ya ɗauko mai gadi na kamfani mai kaki da hula. Almakashin nan mai lanƙwasasshen baki yana cikin durowa tun ranar, sai in zan yanka filasta nake fito da shi. Yanzu allura nake yi, da maganin kaska, da ɗinke ɓarnar da kuke kawowa a kwali.

Saboda haka, ku biyun nan, in kun dawo ran Juma'a kada ku sa rai da daidaitawa. Na dama ya tafi, sai haƙuri. Na hagu zai warke ya kwanta yadda aka halicce shi, kuma haka zai zauna. Karenku zai yi ta yawo kunne ɗaya dogo ɗaya guntu, duk wanda ya tambaya ku ce aikinku ne, da sabuwar reza. Zai ji kira, zai ji hon. In wannan bai ishe ku ba, akwai masu reza da yawa a gari, ba sai kun zo wurin mamaci ba.

Saura abu ɗaya. Bayan mako biyu da mutuwar Janar na sayi goro da sukari na shiga keke zuwa Gubi. Na yi ta tambaya har aka nuna mini inda Malam Buba yake, a wani fili kusa da dam, yana kiwon awakin wani mai shago, da sandar nan tasa. Ya shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa. Na ce da godiya.

"Na ji labari," in ji shi. "An ce mota."

"Mota ce, Malam Buba."

"An ce ya yi hon."

"Sau uku."

Ya gyaɗa kai. Wata akuya ta nufi gonar mutane, ya ɗaga sanda kawai, ta dawo.

"Ka gaya wa Injiniya?"

"Na gaya masa. Komai na gaya masa, ban rage ba."

"Madalla," in ji shi. Ya kwance ƙullin goron, ya zaɓi ɗaya, ya juya shi a hannu. "Kafin motar, ko bayanta?"

Bai sake tambaya ba. Ya ɓare goron, ya miƙo mini rabi.